Sunan Mama a Kan Kwalaye

Na ga saƙonninku. Musamman ke da kika rubuto cewa in daina jan aji in amsa wa Wessel kafin wata ta yi wuf da shi. Na gode, 'yar'uwa. Amma zauna ki ji abin da ya faru a gidanmu ranar Asabar, sai ki gaya mini in ke ce ya za ki yi. Har yanzu idanuna a kumbure suke.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Renske. Ni da babana Bertus muke zaune a gonarmu da ke gabashin Holan, dab da iyakar Jamus. Furen dalia muke nomawa, amma ba furen muke sayarwa ba, saiwarsa ce, mai kama da dankali. Mukan tone ta kafin ƙanƙara ta sauko, mu jera a sito, idan sanyi ya fara ja da baya mu zuba a kwalaye mu aika wa masu lambu. Yawancin masu sayenmu Jamusawa ne, a wata babbar kasuwar intanet suke samunmu. Mamana ce ta buɗe shagon da sunanta, Dinie Wamelink, kuma har yau sunan nan ne a kai, duk da wannan ne shuka na biyu da za mu yi ba ta duniya.

Ba mantuwa muka yi ba. Kullum da safe, tun kafin ya sha kofi, Baba yakan zauna a teburin kicin ya ɗauki wayar Mama ya amsa wa masu saye. Su rubuto, "Ƙawata Dinie, ga hoton jan furen nan, ya fi na bara girma." Shi kuma ya amsa a matsayinta, ya sa sunanta a ƙasa. Ranar da na fara kama shi ya ce na ɗan lokaci ne, kafin hankalinsa ya dawo jikinsa. Ban sake tayar da maganar ba. Mutumin da bayan jana'iza sai na ja bargo yake tashi, yanzu shi ke riga ni farkawa, har da aske gemu. Masu cewa wannan ba daidai ba ne, na ji ku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuma babana nake so ya rayu.

Ranar Litinin ina sito ina duba saiwoyi, na ga wasu sun fara buɗe ido, ɗan tsiro ja-ja yana leƙowa, alamar lokacin tafiyarsu ya yi. In suka daɗe, tsiron zai yi tsawo ya kakkarye a hanya. Ina cikin wannan lissafin wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga kasuwar: an ɓoye kayanmu daga idon duk mai saye a Jamus har sai mun shigar da lambar rajistar marufi, wato kwalayen da muke aika kaya a ciki, kuma dole sunan mai lambar ya zo ɗaya da sunan mai shagon. Ashe sun daɗe suna gargaɗi a wayar Mama, Baba yana tsallakewa, don shi saƙon mutane kawai yake buɗewa.

Na ɗauki hoton saƙon na tura wa Wessel. Shi fa sana'arsa ke nan. Yana da sito a Bocholt, tsallaken iyaka, inda yake naɗe wa ƙananan 'yan kasuwa kaya yana aika musu ƙasa-ƙasa. Mutumin da a fitarmu ta farko ya ɗauki kwalin da aka zubo mana soyayyen dankali, ya auna a tafin hannu ya ce an yi almubazzarancin takarda. A haka na so shi, kada ku tambaye ni dalili.

"Ba abin tashin hankali ba ne," ya rubuto. "Duk wanda ya aika kwali gidan wani a Jamus, shi ke ɗaukar nauyin kwashe shi da sake sarrafa shi. Rajista za ku yi, ku biya ɗan abin da ba a rasa ba, shi ke nan."

"Ai mu ba ma sayen sabon kwali. Duk tsofaffi ne."

"Na sani. Sai in kuna da shaidar wani ya riga ya biya musu. Kina da shaidar kwalin takalmin maƙwabciyarku?"

Na tura masa ɗan hoton fuskar harara.

"Renske. Mai shagon ce da kanta za ta yi rajistar. Kin gane abin da nake nufi."

Na gane sarai. Na kife wayar a kan buhun dusar katako.

Maganar kwalayen nan tana da tushe. Mama ba ta taɓa sayen sabon kwali ba, a wurinta wannan kamar zubar da abinci ne. Duk ƙauyenmu sun sani, don haka kafin 'yan ƙungiyar makaɗan ƙauye su zagayo kwasar tsofaffin takardun da suke sayarwa, sai kowa ya ware masu ƙwari ya shigo mana da su ta ƙofar baya. Kwalin takalmi, na abincin kyanwa, na giya, na kunzugun jarirai. Mama ta ɓare tsohon adireshi, ta shimfiɗa jarida, ta zuba dusar katako, ta kwantar da saiwa kamar jinjiri. Da ta rasu mutanenmu ba su iya doguwar ta'aziyya ba, sai kwalayen suka ninka. Mutum ya shigo, ya ajiye a bayan ƙofa, ya ce "Ana sanyi yau," ya fita. Mu a tunaninmu taimakon duniya muke yi, ba mu taɓa kawo wa ranmu cewa kwalin da aka ceto daga shara ma yana da doka a kansa ba.

Ranar Laraba Wessel ya zo da kansa, ya same ni ina ɓare adireshi a kicin. Ya ce ya samo mafita. A rufe shagon Mama shiru ba tare da an ce wa kowa komai ba, a kwashe saiwoyin zuwa sitonsa, su fita da sunan kamfaninsa da lambarsa, a cikin fararen kwalayensa masu kai ɗaya. Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya ɗora da cewa, "Ke ma ai kin san ɗakin saman gidana yana nan yana jiranki tun kaka."

Jama'a, wa ke haɗa neman aure da maganar shara a numfashi ɗaya? Ina son Wessel, na faɗa muku tun farko. Amma a lokacin nan sai na ji in na ce e, har abada ba zan san ko shi na amsa wa ba, ko lambarsa. Kuma ana wata ga wata, Gwaggo Riek, yayar Baba, tana tsaye a bakin ƙofar baya da kwali a hammata, ta ji komai.

Asabar ranar haihuwar Baba ce. Tun safe na jera kujeru a da'ira a falo, na yanka kek ɗin tuffa, na tsattsaga cuku. Na sa koriyar rigar sanyin Mama mai maɓallan katako a kan baƙin siket, don Baba yana son ganinta a jikina. Shi kuma ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, wuyan ya yi masa yawa. Baƙi suka riƙa shigowa, kowa ya zaga da'irar yana ba kowa hannu yana masa barka, kamar yadda al'adarmu take.

"Barka da babanki, Renske."

"Barka da maƙwabcinka, Tonnie."

Tonnie, tsohon da gonarsa ke jikin tamu, kyautarsa kwalaye ne ɗaure da igiya, ya ce na injin wanki ne, ko giwa aka saka ba za ta fasa ba. Gwaggo Riek ta zo da shuɗiyar rigarta mai sheƙi, tabarau na lilo a ƙirji, ta zaɓi kujerar da ke kallon ƙofa. Wessel ne ya zo ƙarshe, riga a goge, gashi a jiƙe, riƙe da damin furen da ya saya a gidan mai.

"Kai jama'a!" in ji Tonnie. "Ka kawo wa manomin fure fure? Gobe sai ka kai wa saniya madara."

Aka kwashe da dariya, har Baba. Kunnuwan Wessel suka yi ja, ya zauna kusa da ni yana riƙe da farantinsa a gwiwa. Na ji tausayinsa, na ɗan taɓa ƙafarsa da tawa.

Ba a gama zagayen kofi na farko ba Gwaggo ta gyara murya.

"To, amarya, yaushe za mu sha biki? Ko sai haƙorana sun ƙare?"

"Gwaggo, ki ci kek ɗinki mana."

"Ina ci, bakina ai biyu ne. Bertus, ka ji abin arzikin da yaron nan ya zo da shi? Zai ɗauke maka ciwon kan Jamusawa, ya ɗauke maka 'yar da ta kusa zama kujera a gidan nan. Wa ya ƙi haka?"

"Ba wanda zai ɗauki kowa," na ce.

"Ke rufe mana baki. Ƙawayenki duk suna tura keken jarirai, ke kina tura baron taki."

Baba ya ajiye cokalinsa a hankali. "Wace irin doka ce wannan, Wessel? Mu da ba mu taɓa ƙara wa duniya kwali ko ɗaya ba, mu za a ce mu biya kuɗin shara? Su je su kama masu naɗe allura a kwalin firiji."

"Da gaskiyarka, Bertus, amma kwalin a kwandon sharar Jamus yake ƙarewa. Ba ruwansu da ko sau nawa ya yi tafiya."

"To su faɗi abin da suke so a biya, a wuce wurin. Dinie ba ta cin haƙƙin kowa. Su ba ta lambar."

Matar Tonnie ta hau gyara agogon hannunta. Na kalli Wessel, na girgiza masa kai, wallahi na girgiza masa kai.

"Bertus," ya ce, muryarsa a kwance kamar mai faɗin farashin man fetur. "Dinie ta rasu. Ba a ba matacce lamba. In ana son shagon ya buɗe, sai an cire sunanta an sa na mai rai."

Ba da mugunta ya faɗa ba, na san shi. Shi a wurinsa faɗa wa mutum gaskiya ido da ido girmamawa ce, haka aka tashe mu duka. Amma akwai maganar da duk ƙauye suka haɗu suka zagaye ta, kowa yana takawa a hankali, shi ya zo ya taka ta da takalmi a gaban kek. Baba bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya dubi kujerar Mama da ke kusa da taga, ya miƙe, ya ce, "Kowa ya ƙara kofi." Ya fita ta ƙofar baya da silifas ɗin cikin gida.

Ban san lokacin da na damƙi hannun Wessel ba. Ban bi da shi ta baya ba, don kada ya haɗu da Baba. Na ja shi ta doguwar baranda zuwa ƙofar gaba, wadda ba a buɗe ta ba tun ranar da aka fitar da akwatin gawar Mama. Sakatar ta ƙi, sai da na sa kafaɗa.

"Me ka yi ke nan? Me ka yi, Wessel?"

"Dole wani ya faɗa. Kowa a falon nan ya sani, sai kawo kwali kuke kuna zancen sanyi."

"Ba kai ne za ka faɗa ba!"

"To wa? Ke? Yaushe? Saiwoyin suna tsirowa, Renske. Mutumin nan yana kwana yana tashi da muryar matacciya, ke kina sa rigarta kina zuba masa kofi."

Wannan ta shige ni har ƙashi. Na ce masa shi bai san komai ba sai nauyin takarda. Na ce ya je ya auri lambarsa. Na ce kada in sake ganin motarsa a ƙofar gidanmu. Ya tsaya yana kallona, idanunsa suka kawo ruwa. Ya taka ta cikin ciyawar da ta cinye hanyar gaba ya tafi, ni kuma na maida ƙofar da ƙarfi har hoton bango ya karkace.

Kafin in dawo falo baƙi sun fara neman rigunansu. Kowa ya ce kek ya yi daɗi. Gwaggo Riek kaɗai ta rage, na same ta a kicin tana wanke kofuna, kafaɗunta na rawa.

"Kina ganin ni muguwa ce ko?" ta ce ba ta juyo ba. "Ƙanena ne, ni na goya shi. Amma ina kallo yana shiga kabarin nan da ƙafarsa, yana janki. Ɗaya na rasa, ba zan rasa uku ba."

Na ɗauki takalmin robar Baba da rigarsa ta aiki na nufi sito.

Yana zaune a kan juyayyen akwati tsakanin tulin kwalaye, hasken la'asar yana shigowa ta tagar sama. Silifas ɗinsa sun jiƙe sharkaf. Ya ɗora kwalin Tonnie a cinya yana kankare tsohon adireshi da farce, wayar Mama tana gefensa. Na durƙusa na canza masa takalmi kamar ƙaramin yaro, bai hana ni ba.

"Baba, ka yi haƙuri. Na kore shi."

"Kin kore shi a kan me?"

"A kan abin da ya ce."

"Ƙarya ya yi?"

Ya miƙa hannu cikin tire ya ɗauko saiwa ɗaya, ya juya ta wajen haske, ya shafa tsiron da babban yatsa.

"Wannan ba za ta jira ni in gama kuka ba," ya ce. "Da tana nan da ta ci mutuncina. Ta ce, Bertus, a kan sunana za ka bar min 'ya'ya su ruɓe a sito?" Ya ja numfashi. "Ranar Litinin ki sa sunanki, Renske. Naki, ba na kamfanin kowa ba. Ki karɓi lambar. Kwalayen dai na maƙwabta za mu ci gaba da sawa, a biya musu ko nawa ne."

Na rungume gwiwoyinsa na fashe da kuka. Abin da nake jira ya faɗa ke nan tun bara, amma da ya faɗa sai na ji kamar yau ta mutu.

"Sai dai ba za a rufe ta shiru kamar ɓarauniya ba," ya ce. "Mutanen nan ƙawayenta ne. Sai an gaya musu, kuma ni zan gaya musu, da sunana."

Ya ɗauki wayar, ya sa tabarau, ya buɗe saƙon wata tsohuwa da ke rubuto mata daga Münster. Na zauna gefensa. Yatsansa ya hau jan allon sama, sama, yana wuce saƙonnin shekarun baya. Ya daɗe yana ja. Can ya tsaya, ya cire tabarau.

"Babu," ya ce.

"Me kake nema, Baba?"

"Ni fa ban iya rubuta Jamusanci ba, 'yata. A baki ne kawai nake ɗan kwaɓawa. Duk abin da kika ga ina aikawa nata ne. In sun ce fure ya yi kyau, sai in nemo abin da ta taɓa ce wa wani da furensa ya yi kyau, in kwafa. In sun ce miji ba lafiya, akwai nata na miji ba lafiya. Ban taɓa sa mata magana a baki ba." Ya sake kallon allon. "Na duba ko'ina. Wannan ba ta bar min yadda ake faɗarta ba."

Ya miƙo mini wayar. Na yi Jamusanci a makaranta, na san kalmar mutuwa, yaro ma ya san ta. Na ɗora yatsuna a kan allon, ga sunan Mama a sama da ɗan hotonta tana dariya cikin hular lambu. Na rubuta harafin farko, sai wayar ta zame daga hannuna ta faɗa cikin dusar katako. Na kasa, jama'a. Ni da nake ganin Baba ne mai rauni.

Ya ɗauke ta, ya hure ƙurar, ya ajiye a tsakaninmu.

"Kira min yaron nan," ya ce. "Mu biyu mun kasa. Duk ƙauyen nan shi kaɗai bakinsa ya iya faɗa, bari ya zo ya koya min."

Na ciro wayata na kira. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake, haka. Ina shirin ce wa Baba wataƙila tuƙi yake, sai saƙonsa ya shigo.

"Na tsaya a gefen hanya, ban ƙetare iyaka ba tukuna. In don lambar ce, zan turo miki yadda ake yi daki-daki, ba sai kin ga fuskata ba. In don ni ne, faɗa mini in juyo. Amma kada ki ce don ni ne in ba haka ba ne, Renske, ba zan iya ɗauka ba."

Na karanta, na sake karantawa. Ga Baba ya mayar da tabarau, ya gyara zama, ya matsar da wani akwati kusa da shi ya share masa ƙura da hannun farar rigarsa.

"Me ya ce?" ya tambaye ni. "Yana zuwa?"